Kwana Uku Muna Gaida Hula

Ranar Asabar, yau kwana goma ke nan, da rana tsaka, na faɗo daga kan benci a gaban mutum takwas ina salati, saboda wata mata da babu ita a duniya ta leƙo daga bayan labule a cikin talabijin. Shekarata hamsin da biyu. Na taɓa wuni a layin mai, ana zuwa kaina aka ce ya ƙare, ban faɗi ba. Na ji alkawarin gyara hanyar unguwarmu daga bakin manya kala huɗu, ko tangaɗi ban yi ba. Sai ga gem, wasan bidiyon nan, ya kayar da ni, har takalmina ɗaya ya shige ƙarƙashin firij.

Ga yadda aka yi. Kwana uku babu wuta a layinmu na Unguwar Shanu, albarkacin masu kula da mu da ke tausaya wa idanunmu kada haske ya yi musu yawa. Wayata ta mutu, sai na taka zuwa Malali wurin Faruk mai gidan gem, don shi yana da sola. Faruk ya haura arba'in, har da furfura a gemu, kuma yana maganar gem kamar yadda likita ke maganar hawan jini. Ya jona mini wayar, ya ce, "Malam Sanda, kai ne kullum kake rubutawa a jarida wai babu abin da ya rage da zai tsorata talakan ƙasar nan. Bismilla, zauna." Ya ɗora mini abin sauraro a kunne, ya danƙa mini abin bugawa, ya ja labulen taga.

Gem ɗin irin na tsoro ne, wanda duk aikinka a ciki shi ne ka fita da ranka. Aka jefa ni cikin wani tsohon gini mai dogon lungu, ƙofofi dama da hagu. Aka ba ni tocila da batirinta ya kusa mutuwa, da bindiga mai harsashi uku, da taswira da aka yage rabinta. Minti ashirin ina tafiya ban ga kowa ba, sai taku da nake ji a bayana, in na tsaya ya tsaya. Duk ƙofar da na murɗa a kulle take, makullinta kuma yana can wani bene da na riga na wuce. Kafin matar nan ta leƙo na riga na jiƙe sharkaf da gumi, ita ƙarasa aikin kawai ta zo yi.

Da aka zaro mini takalmina, Faruk ya zauna yi mini karatu. "Ka lura ba su nuna maka ita ba sai can ƙarshe? Da tun farko ka gan ta, da ka saba da ita har ka fara yi mata tsiya. Abin da ba ka gani ba kai kake ƙera shi da kanka, kuma babu mai zanen da ya kai ka sanin abin da kake tsoro. Sannan sun ƙwace maka komai. Harsashi uku, kowanne ka harba sai ka yi da-na-sani. Wurin da ake ajiye inda ka kai yana da nisa, in ka mutu kafin can, ka koma farko. Babban abin kuma, a fim wani ne ke buɗe ƙofar kana kallo kana zaginsa. A nan hannunka ne. Da ƙafarka kake zuwa inda ka san bai kamata ka je ba, don babu wata hanyar."

Na ce Allah ya shiryi waɗanda suka zauna suka ƙirƙiro wannan masifa. Na koma gida ina ganin na ga ƙarshen tsoro, ashe share fage aka yi mini.

Lahadi da yamma, bayan ta dawo daga coci, maƙwabciyarmu Malama Hannatu ta yi sallama. Katanga ɗaya ce tsakaninmu shekara goma sha tara. Malamar firamare ce, aji uku, shekara ashirin da shida tana shan ƙurar alli, kuma a hannunta 'yata Yasmin ta fara haɗa baƙi. Ta miƙo mini wata takarda, ta ce, "Baban Yasmin, karanta mini wannan, ko idona ne ya fara tsufa."

Idonta lafiya lau. Sunanta ne a cikin jerin ma'aikatan da kwamitin tantancewa ya ce bai same su ba. A ƙasa an rubuta cewa duk wanda bai kawo fom mai sa hannun shugaban sashen tabbatarwa ba kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis, za a cire shi daga aiki a ba wani gurbinsa.

Yadda aka yi ba a same ta ba ya cancanci a ba kwamitin lambar yabo. Ranar da suka zo makarantar suna sauri, don akwai bikin buɗe wani sabon gini da ke jiransu, wanda aka taɓa buɗewa sau biyu. Suka shiga ɗakin malamai suka bi tebur-tebur. Kowa a garin nan ya san tsarin: in za ka fita sabgarka, ka bar jaka ko hula ko tabarau a kan tebur, duk wanda ya tambaya a ce kana nan, ka ɗan zaga ne. To, inda kwamiti ya ga jaka sai ya yi alama. Malamai biyu da ke kasuwa a lokacin an same su. Teburin Malama Hannatu kuwa wayam, domin jakarta na rataye a kafaɗarta a cikin aji, cike da alli da jan biro, tana koyar da yara hamsin da huɗu. Sai aka rubuta babu ita.

Ta ce, "Ka raka ni. Kai ɗan jarida ne, ƙila in sun gan ka su ji kunya."

Na so in gaya mata rabon da in ga wannan abu a ofis tun ina saurayi, amma fuskarta ba ta ɗaukar wasa ranar. Na ce to.

Ba zan faɗi sunan wurin da muka je ba, ina da iyali. Mu kira shi Ma'aikatar Dawo-Gobe. Muna shiga ranar Litinin na ja na tsaya, domin na taɓa zuwa nan, ranar Asabar, a gidan Faruk. Dogon lungu, ƙofofi dama da hagu, ƙwan fitila ɗaya a can ƙarshe yana ƙyaftawa. Da ƙarfe goma na safe sai da na kunna tocilar waya. A bakin ƙofa akwai allo da ke nuna sashen tabbatarwa a ɗaki na sha huɗu. Muka hau bene biyu muka samu ɗaki na sha huɗu cike da karyayyun kujeru. Aka ce mu sauka. A ƙasa aka ce fom yana cikin kabad, makullin kabad yana wurin wata da ta tafi suna. Da ta dawo ta ce ba wannan kabad ɗin ba ne. A haka Litinin ta ƙare. Da yamma muka fito da fom uku, aka ja mana kunne cewa ba a ƙari, ba a karɓar hoto. Aka kuma ce kowane fom sai an buga masa hatimi biyu a ƙasa kafin a kai shi sa hannu a sama, kuma dole kwanan watan ya zama ɗaya. In rana ta faɗi ba a sa hannu ba, fom ya mutu, gobe a koma farko.

Harsashi uku, jama'a, kuma babu wurin ajiye inda ka kai. Na fara zargin ko masu ƙirƙirar gem ɗin nan sun taɓa yin bautar ƙasa a Kaduna.

Talata muka samu hatimi biyu kafin sha ɗaya, muka hau har ofishin Rankai-shi-daɗe Mai Girma Uban Koren Biro, wanda alƙalaminsa ke tabbatar da wanda ke nan da wanda ba ya nan. Ƙofarsa a buɗe take. Fanka na juyawa. Tebur goge tsaf, kujera an ɗan tura ta baya kamar yanzun nan mutum ya tashi. A tsakiyar tebur ga hula zanna mai tsada tana zaune abinta. A bakin ƙofa akwai masinja, wani dattijo mai kaki, Baba Zakari. Malama Hannatu ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, oga yana nan?"

Ya nuna da haɓa, ya ce, "Ga hularsa."

Muka samu wuri a benci cikin mutum goma sha biyu. A nan na ga tarbiyya. Duk wanda ya zo sai ya leƙa, ya ga hula, ya rage murya, ya koma da baya-baya. Wani bawan Allah har sallama ya yi mata, ya jira amsa. In aka ji taku a matakala sai kowa ya miƙe, maza su gyara riga, mata su gyara gyale, takun ya matso, ya matso, sai ga mai sayar da gyaɗa. Sau bakwai muka miƙe ranar.

A cikin jira ne aka ƙera mana ogan. Wani ya ce dogo ne, ba ya dariya. Wata ta ce gajere ne, kuma in ya ga ka naɗe fom gida biyu yaga shi yake yi a gabanka. Wani ya ji an ce ba ya son a kalle shi a ido, wani ya ji an ce ba ya son a sunkuyar da kai. Na tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganinsa da idonsa, aka yi mini kallon wanda ke neman ja wa mutane. Ni da aka kawo don a ji kunyata, sai na tsinci kaina na zare biro daga aljihun gaba na ɓoye, kada a gane ɗan jarida ne a huce a kan Malama. Ƙarfe huɗu Baba Zakari ya kashe fanka ya ja ƙofa, fom ɗaya ya tafi.

Laraba ma haka, sai dai an yi ruwan sama, rufin ya riƙa ɗiga a bokiti kusa da ƙafata. Wannan ɗigar ma na san ta a gem ɗin Faruk. Dole a yaba wa manyanmu. Masu gem sai sun ɗauki ƙwararru su yi shekaru suna gwaji kafin su sa gaban mutum ya faɗi. Namu kuwa da ƙwan fitila ɗaya da fanka da hula sun gama da mutum goma sha biyu, ba su ko tashi daga inda suke ba. In an ce ba mu da fasaha a ƙasar nan ni ban yarda ba.

Ranar Alhamis muka hau da fom na ƙarshe. Malama Hannatu ta riƙe shi da hannu biyu a cikin leda don kada gumi ya taɓa shi. Tun safe ba ta ci komai ba. Wajen ƙarfe uku ta yi magana ba tare da ta kalle ni ba.

"Baban Yasmin, da cewa suka yi na yi laifi, zan ɗauka. Da cewa suka yi na tsufa, zan ɗauka. Amma wai ba a same ni ba. Shekara ashirin da shida, to ina nake?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji kunyar biron da na ɓoye.

Uku da kwata ta miƙe. Ban san abin da za ta yi ba sai da na ga ta wuce Baba Zakari ta shiga ofishin. Ta tsaya gaban teburin, ta sa hannu ta ɗaga hular. Wata mata a gefena ta rufe ido.

A inda hular take akwai da'ira baƙa wuluk a jikin katakon, sauran teburin duk rana ta koɗar da shi. A cikin hular gizo-gizo ya yi saƙa har ya yi 'ya'ya.

Baba Zakari ya shigo da sauri, murya ƙasa-ƙasa. "Malama, don Allah ajiye, za ki ja mini."

Ta ce, "Baba, kai sa'an mahaifina ne. Ka gaya mini gaskiya, ina mai hular nan?"

Ya kalli ƙofa, ya kalli fanka, sannan ya ce, "Ya yi ritaya tun kafin babbar sallah ta bara. Ranar liyafar bankwana aka ba shi sabuwar hula, ya cire wannan ya ajiye, ya sa sabuwar. Daga nan aka raka shi mota."

Na ce, "Kuma ba a kawo wani ba?"

"A kawo wani a sa shi ina, Malam? Na sama in sun sauko zagaye suka leƙo, suka ga hula ga fanka, sai su wuce. Kwamitin tantancewar nan ma ya zo. Ya same shi."

"To kai me ya hana ka faɗa wa bayin Allah da ke wuni a bencin nan?"

"Ni masinja ne. Takardar aikina ta ce in buɗe ofis, in kunna fanka, in goge tebur. Ba a kawo mini wata takarda da ta ce in daina ba. Kuma wa ya isa ya taɓa hular babba? Shekara biyu suka rage mini, Malam."

Na so in ji haushinsa, abin ya ƙi. Shi ma a cikin gem ɗin yake, ya dai samu lungun da dodo ba ya bi ya laɓe.

Muka ruga sama wurin Mai Girma Mataimakin Uban Koren Biro, wanda, Allah ya ja zamaninsa, muka same shi da kansa a ƙarƙashin hularsa. Ya saurare mu cikin natsuwa yana ɓare gyaɗa. Ya ce ba shi da ikon sa hannu matuƙar shugaban sashe yana kan kujera. Malama Hannatu ta ce shugaban ya yi ritaya, kusan shekara guda. Ya ce ya ji ana faɗa, shi ma ya je liyafar, amma a hukumance ba a sanar da shi ba. In muna so ya ɗauki maganar, mu kawo ta a rubuce. Na ce ta hannun wa? Ya ce ta hannun shugaban sashe.

Muna tsaye agogon bangonsa ya buga huɗu. Shi kaɗai ne abin da na ga yana aiki a kan lokaci a ginin. Ya tattara ɓawon gyaɗarsa, ya ce mu yi haƙuri, an rufe jeri.

A cikin keke ba ta yi kuka ba, ni kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Da muka iso Malali na ce mu tsaya wurin Faruk in ɗan jona waya, don har yanzu masu tausayin idanunmu ba su huce ba. Ta zauna a benci, fom ɗin na kan cinyarta. Wani magidanci na buga gem ɗin nan yana zabura. Ta kalla na ɗan lokaci, ta ce, "Faruk, ba ni in gani."

Ya ce, "Mama, wannan fa shi ya kayar da Malam Sanda."

Ta ce, "Kawo."

Ya nuna mata inda ake dannawa. Ta shiga lungun. Taku ya biyo ta, ba ta waiga ba. Ta murɗa ƙofa a kulle, ta juya ta tafi neman makulli kamar mai zuwa ɗebo ruwa. Tocila ta mutu, ta ci gaba a duhu. Da aka zo wurin labulen nan na kawar da kai. Matar ta leƙo da ihunta, Malama Hannatu ko ƙyafta ido ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallonta har matar ta kashe ta, allo ya yi ja, aka rubuto ko tana so ta sake gwadawa.

Ta cire abin kunnen, ta miƙa wa Faruk, ta ce, "Wannan ai mutuniyar kirki ce. Tana zuwa aiki. Kuma in ta kashe ka, ana tambayar ka ko za ka sake."

Babu wanda ya yi dariya a shagon.

Na ji an ce tun ranar da aka ɗaga hular hankalin Ma'aikatar Dawo-Gobe ya tashi, har an kafa kwamiti mai mutum tara. Kada ku yi saurin murna. Aikinsa shi ne ya binciko yadda aka yi wata da ba ta cikin jerin ma'aikata ta shiga ofishin babba ta taɓa masa kaya. An mayar da hular daidai kan da'irarta, fanka na juyawa.

Jiya Litinin na bi ta bayan makarantar da safe. Ba a turo kowa aji uku ba, don takardar turo wani ma tana jiran sa hannu. Ta taga na ji yara hamsin da huɗu sun miƙe suna gaida wadda hukuma ta ce babu ita, ita kuma ta amsa ta ce su buɗe shafi na talatin. Na leƙa na gan ta a gaban allo, alli a cikin tafin hannu, kafaɗarta babu komai. Da na zagaya ta ɗakin malamai sai na hango jakar a kan teburinta, a tsakiya, inda duk mai wucewa zai gani. Shekara ashirin da shida ba ta koyi wannan darasi ba, sun koya mata a kwana huɗu. Wannan ya fi matar labule tsorata ni, kuma babu bencin da zan faɗo daga kai a yi dariya a wuce wurin.

Masu neman ganina a ofishin jarida kan wannan rubutu, musamman masu zuwa da mota mai baƙin gilashi, ku shigo ku zauna. Ina nan, ga hulata a kan tebur.